Bindigar Mahaifina da Sunan Jikana

Vrisaki, tsibirin Karita
3 ga Maris, 1997

Zuwa ga ɗana Stratis,

Gaisuwa mai yawa daga ni da innarka Pelagiya. Muna nan lafiya, in ban da gwiwarta da ke motsawa duk ranar da aka yi ruwa. Ina fata kai da Argiro da 'yan matanku biyu kuna ƙalau, sanyin Jamus bai gama da ku ba.

Nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba. Evantiya, matar ɗana Pavlis, ta sauka! Namiji! Ranar Talatar da ta wuce, a birnin Haniya, kilo huɗu ba kaɗan. Shekara tara muna jira, Stratis. Shekara tara ina zuwa baftismar jikokin mutane, ina cin namansu, ina murmushin dole. Da Pavlis ya bugo waya shagon gahawar Sifis ina tsakiyar karta. Na miƙe na kifar da tebur, na rungumi Fada, limamin cocinmu, na sumbaci gemunsa. Ya ce, "Zaharis, sake ni, ba ni na haihu ba!"

A yanzu Dodo muke kiransa, tunda bai shiga ruwan baftisma an raɗa masa suna ba tukuna. Amma ka san sunan da zai fito da shi. Jikan fari namiji sunan kakansa na wajen uba yake ɗauka. Za a yi wani Zaharis a duniya bayan ni. An sa baftisma ranar Lahadi, 18 ga Mayu, bayan Ista.

To ga dalilin wasiƙar. Ka tuna bindigar mahaifina, wadda ya ƙwace a hannun sojan Jamus da ya sauko da laima cikin gonar zaitun ɗinmu a shekarar arba'in da ɗaya. Ita aka harba ranar aurena, ita aka harba ranar auren mahaifinka, ita aka harba ranar baftismar Pavlis. Shekara huɗu da suka wuce, da maganar doka ta yi zafi, Pelagiya ta sa ni gaba har na kai ta birni aka kashe ta. Suka toshe bututun, suka yi masa walda, suka ba ni takarda mai hatimi cewa ta zama kayan tarihi. Tun daga ranar tana rataye a bango kamar sandar kiwo.

Ba zan yarda a fito da jikana daga coci a harba masa bindigar aro ba, balle ta farautar zomo. Kai kaɗai ne a danginmu ka san ƙarfe. Shekara ashirin kana gaban injin sassaƙa shi, a ƙasar da aka ƙera ta ma. Ka nemo abin da suka lalata a cikinta, ka cusa tsakanin riguna a akwati, ka iso da mako guda kafin biki ka tayar mini da ita. Harsashi kada ya dame ka. Akwai goma sha ɗaya da mahaifina ya binne cikin gwangwanin mai a ƙarƙashin murhun burodi.

Pelagiya ba ta sani ba, kuma ba sai ta sani ba.

Baffanka mai murna,
Zaharis


Stuttgart
12 ga Maris, 1997

Baffa Zaharis,

Na gaishe ka da girmamawa, kai da Inna Pelagiya. Mu duka lafiya. Allah ya raya Dodo, ya ba mai jego ƙarfi, ya sa ka ga aurensa. Rabin farko na wasiƙarka a tsaye na karanta, ina ƙwala wa Argiro kira ta zo ta ji. Rabi na biyu ne ya sa na nemi kujerar da ka ce.

Baffa, ba zan yi ba. Kuma ina roƙonka kada ka bar kowa ya yi.

Ka ce na san ƙarfe, to ka ji abin da na sani. Bututun bindiga ba bututun ruwa ba ne da za a zare toshiya a ci gaba da aiki. Duk inda wutar walda ta taɓa, ƙarfen ya sauya hali. Wani wuri ya yi laushi, wani ya yi gautsi kamar gilashi, ido kuma ba ya rabe su. Waɗanda suka kashe ta da gangan suka raunana wurin da ke riƙe ƙarfin harbi, don kada ta sake tashi. Irin wannan in ta fashe ba gaba take yi ba. Baya take dawowa, daidai inda kunci da idon mai harbi suke. Harsashin da ya shekara hamsin da shida a ƙasa kuwa, shi kansa bai san abin da zai yi ba.

Sai maganar doka. Takardar nan taka matacciyar bindiga ta rufa wa asiri. Ranar da aka buɗe ta, takardar ta daina kare ka, ta koma shaida a kanka cewa ka san abin da ka aikata. Kai za a kama, a kama wanda ya buɗe, a kama wanda ya harba. Ni kuma kana so in ƙetare iyakoki da sassan bindigar yaƙi cikin riguna. In kwastan suka buɗe akwatin, aikina ya tafi, takardar zamana ta tafi, 'yan matan nan su tashi ubansu yana gidan yari a ƙasar mutane.

Ga abin da zan iya. Zan zo da man da ake shafa wa katako, in goge ta har ta yi ƙyalli. Pavlis ya rataya ta a kafaɗa ya shige gaba zuwa coci, kowa ya gan ta, kowa ya tuna wanda ya ƙwato ta. Wannan ya isa girmamawa.

Ka amsa mini da wuri, don hankalina ya kwanta.

Ɗanka,
Stratis


Vrisaki
20 ga Afrilu, 1997

Ɗana Stratis,

Muna gaisuwa. Kowa lafiya. Dodo ya fara dariya, kuma ni ya fara yi wa, kome uwarsa za ta ce. Hancina gare shi, Allah ya ba shi haƙuri.

Mako bakwai ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum ina tambayar Sifis ko mai wasiƙa ya bar mini wani abu, yana ce mini babu. Na ce wa kaina yaron nan aiki ya yi masa yawa, ko kuwa ya zama Bajamushe, sai an cika masa takarda kafin ya gai da dangi. Ban yi fushi ba. Murna ba ta bar mini wurin fushi ba.

Albishirinka, na hutar da kai. Na naɗe bindigar cikin bargo na kai wa Rusos maƙeri. Ya juya ta, ya leƙa, ya tofar da yawu, ya ce, "Jamusawa suka ƙera, 'yan birni suka kashe, ni kuma zan tayar. Ajiye ta nan."

Na ce, "Ka tabbata, Rusos? Wannan fa ba takalmin alfadari ba ne."

Ya ce, "Wa ya gyara injin matsar zaitun ɗin garin nan da waya da addu'a? Kai ne?"

Kwana uku ta yi a maƙerarsa. Ya hura mata wuta har ta yi ja, abin da ya rasa kuma ya ƙera da kansa daga ƙarfen tsohuwar garma. Yanzu in ka ɗaga ta sama kana ganin hasken rana ta cikin bututun. Sakatarta tana shiga tana fita da wannan ƙarar da na sani tun ina yaro. Sai da na share hawaye.

Rusos ya so mu gwada ta a bayan gari, na hana. Harbin farko na yaro ne, ba na duwatsu ba. Haka aka yi wa Pavlis, bindiga ba ta yi magana ba sai da ya fito daga ruwa. Na riga na tsara kome. Da zarar an fito, Evantiya za ta tsaya a matakalar coci da yaron a hannu, Pavlis a gefenta, shi zai ɗaga ya harba uku, tunda shi ne uba. Ni in biyo da uku.

Ka zo hannu sake, ba sai ka ɗauko kome ba. Na ware raguna shida, cuku kuma yana kogo yana jira.

Baffanka,
Zaharis


Stuttgart
28 ga Afrilu, 1997

Baffa,

Barka da Ista. Muna lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Na amsa maka tun 12 ga Maris! Yau da wasiƙarka ta iso na bar aiki na bugo shagon Sifis. Ya ce kana kan dutse wurin sausayar tumaki, sai ƙarshen mako. Na sa shi ya duba ina riƙe da waya. Ya sami wasiƙata a bayan kwalaben giyar raki, inda ta zame ta faɗa. Mako shida tana nan.

Ƙarfen garma, Baffa? Ya sa ta a wuta har ta yi ja? Kuma Pavlis ne zai manna kuncinsa a kanta, jariri yana taku ɗaya daga gare shi?

Na sa aka kira mini Pavlis. Na yi masa bayani ya fi na minti ashirin. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yaya Stratis, ka san Baba. Shekara tara yana jiran ranar nan. Da wane baki zan ce masa a'a?" Na ce da bakin da kake da shi yanzu, tun yana nan.

Da na ga ba zai iya ba, sai na nemi Evantiya, na gaya mata kome, ban rage ba. Na san abin da na yi. Na san a garinmu ba a tsallake dattijo a kai maganar bindiga wurin surukarsa. Ba daga bakin wani za ka ji ba, shi ya sa na rubuta da hannuna. Ka zage ni yadda ka ga dama. Ka karɓi waccan wasiƙar a wurin Sifis ka karanta, sannan ka mayar da bindigar birni ka ce a sake kashe ta, tun kafin wani ya kai labari.

Ɗanka, ko ka so ko ka ƙi,
Stratis


Vrisaki
7 ga Mayu, 1997

Stratis,

Muna raye. Ban san ko zan ce muna lafiya ba.

Na sauko daga dutse na tarar da gadon Dodo babu kowa. Evantiya ta ɗauke shi ta tafi gidan ubanta, can ƙetaren kwazazzabo. Jiya na bi ta. A bakin ƙofa ta tare ni, yaron yana ciki ina jin muryarsa. Yarinyar da shekara tara ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ita ce ta tsaya ta ce, "Baba, ko bindiga ko jika. In ta zo ƙofar coci, ko da a bargo ne, zan gaya wa uban baftisma ya ce Lefteris." Sunan ubanta ke nan. Ka kuma san uban baftisma, wanda ke tsaya wa yaro a coci, shi ke faɗin suna, kuma abin da ya furta a bakin ruwa, ko Fada ba ya iya janye shi.

Na ce, "'Yata, a gidanmu ba a taɓa yin haka ba."

Ta ce, "A gidanku ba a taɓa jiran ɗa shekara tara ba."

Na dawo gida, Pelagiya ta ji kome. Ta dube ni ta ce, "Ƙarƙashin murhuna? Shekara arba'in ina gasa burodi a kan harsashi?" Tun daga nan ba ta sake ce mini uffan ba, abinci ma a kan taga take ajiye mini kamar na kyanwa.

Wannan aikinka ne. Ni na ɗauke ka a wuya na kai ka kallon jirgin ruwa a Suda kana ɗan shekara biyar. Yau kai ne ka kai ƙarata wurin mace, ka sa sunana a bakin rami. Na karanta waccan wasiƙar taka da tabon raki a jikinta. Turancin ƙarfe ne kawai. Bindigar da ta kori Jamusawa ba za ta ji tsoron wutar Rusos ba.

Ga abin da zan yi. Ranar Asabar zan ɓata harsashi ɗaya, ko da yake raina ba ya so. Zan ɗaure ta a jikin tsohon zaitun ɗin gona, in ja kunamar da igiya, a gaban Pavlis da Rusos. In ta yi magana lafiya, Evantiya ba ta da sauran hujja, kai ma haka.

Kada ka zo bikin. Na ba wani kujerarka.

Zaharis


Vrisaki
21 ga Mayu, 1997

Ɗana Stratis,

Ina gaishe ka, ina gai da Argiro da yara. Pelagiya tana gaishe ku, ta kuma ce in rubuta cewa ita ta ce in rubuto. Muna lafiya, dukanmu, da ƙafafunmu da idanunmu. Ban taɓa sanin wannan kalma tana da nauyi haka ba.

Ranar Asabar ɗin da na gaya maka, da hantsi, muka je gona. Na ɗaure bindigar a jikin itacen, na ja igiya har bayan katangar dutse. Muka durƙusa mu uku. Rusos yana cewa, "Ku dai ku saurara, za ku ji muryar budurwa." Ni kuma na kasa haƙuri. Na ce shekara huɗu ban ga ta yi magana ba, ba zan ɓoye kai kamar kunkuru ba. Na ɗago na leƙa, na ja.

Stratis, ba ƙarar harbi ba ce. Na san ƙarar harbi. Wannan kamar an fasa tukunyar ƙarfe ce a cikin kaina. Na ji wani abu ya mare ni, na zauna a ƙasa, jini yana bin wuyana. Da hayaƙi ya washe, bututun ya tsage kamar bawon ayaba. Sakatar ta yi baya ta daki katanga, ta ɓantare dutse. Pavlis ya je ya kwance abin da ya rage. Katakon da ake jingina kunci a kai ya dagargaje. Ya ɗaga shi a hankali ya kai fuskarsa, yadda zai yi a ƙofar coci. Ya tsaya haka. Sai ya ajiye, ya zaga bayan katanga ya yi ta amai. Rusos kuwa hularsa kawai ya cire.

Saman kunnena na hagu ya tafi. Likitar da ta ɗinke ni, wata yarinya ce sa'ar Evantiya, ta ce, "Baba, me ya same ka?"

Na ce, "Reshe ne."

Ta zaro wani ɗan abu da hantsaki ta jefa a faranti, ya yi ƙara. Ta ce, "Itatuwan garinku ƙarfe suke tohowa?" Ta ce dole ta sanar da hukuma, aikinta ne. Ban yi mata gardama ba.

Kafin la'asar 'yan sanda sun iso. Suka kwashe gutsattsarin, da harsashi goma, da takardar nan mai hatimi, wadda suka sa a gaba kamar yadda ka faɗa. Har bindigar farautar Pavlis suka tafi da ita. Babbansu, wanda na san shi tun yana satar ɓaure a gonata, ya ce, "Baffa Zaharis, wa ya buɗe maka ita?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "Kai da famfon gidanka ya shekara biyu yana ɗiga?"

Na ce, "Rubuta ni." Ya rubuta. An sa mini ranar kotu a Haniya cikin Oktoba. Lauya ya ce saboda shekaruna watakila a tsaya a tara da ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, amma ya ce kada in rantse a kan haka. Rusos ya rufe maƙera ya tafi Atina wai duba 'yarsa.

Evantiya ta dawo ranar Alhamis. Ta dubi bandejin, ta dubi ƙusar da babu kome a kanta a bango, ta wuce ɗaki. Ba ta tayar da maganar suna ba, ni kuma ban ga da fuskar da zan tambaya ba. Kwana uku ina kallon yaron ina cewa a raina, to, Lefteris ma suna ne, mutumin kirki ne, bai taɓa yunƙurin kashe ɗansa ba.

Ranar Lahadi can baya na tsaya a coci, kusa da ƙofa, inda baƙi ke tsayawa. Kunnen hagu a naɗe, na dama kuma har yau ƙugi yake. Na ga Fada ya juya wurin uban baftisma. Na ga uban baftisma ya dubi Evantiya. Na ga bakinsa ya motsa. Yaro yana tsala ihu, mata suna hayaniya, ni ban ji kome ba. Na jawo hannun rigar Pelagiya na ce, "Me ya ce?"

Ta ce, "Sunan wani tsohon jaki ya faɗa."

Na ce, "Jakin wane gari?"

Ta kawo bakinta kusa da kunnena mai ɗan sauran amfani ta ce, "Na gidana."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Mutane suka zaci jiri ne, wani har ya kawo ruwa.

Da aka fito, ba wanda ya harba ko da ashana, ga motar 'yan sanda a dandali. Dattawa suka ce ba su taɓa ganin baftisma shiru haka ba. A kan matakalar nan Evantiya ta zo ta miƙo mini shi ta ce, "Riƙe takwaranka, Baba, da hannu biyu." Ya kai hannu ya damƙi bandejin ya ja. Zafin har cikin haƙorina. Na bar shi ya ja.

Waccan wasiƙar da na aiko maka ta bakwai ga wata, ka sa ta a wuta. Ka ɗauki hutu a Agusta ka kawo yaran su ga ɗan'uwansu, tun ina gida.

Baffanka,
Zaharis babba